Ranar da Kumfa Ta Haɗiye Darakta

Ƙanina ɗaya ne tilo a duniya, kuma wallahi ya ishe ni. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ni na goye shi, saboda haka ba wanda zai ba ni labarin halinsa. A unguwa Darakta ake ce masa. Ba wanda ya naɗa shi, shi ya raɗa wa kansa, ya buga a kati ya rarraba wa mutane. Aikinsa na gaskiya buga hatimi ne a kan takardun kaya a wani kamfanin motocin dako. Tun safe har yamma, dum, dum, dum. Amma in ka ji shi a shagon mai aski yana zuba, sai ka rantse ranar da ya yi mura ba motar da za ta motsa.

Matarsa kuwa, wadda har yau muke ce wa Amarya duk da 'ya'yansu uku, sabulu take yi. Shekara tara ke nan. Da bokiti ɗaya ta fara a bayan ɗaki. Yanzu tana da rumfa a tsakar gida, da ganga biyu, da katakon shanya, da mu mata huɗu masu taya ta. Ni ce mai yanka da naɗewa. Tana yin na wanka, tana yin na ruwa. Tana kuma da digiri, yana can ƙasan akwati cikin leda, kuma tun kafin ta haifi na fari take cewa wata rana za ta koma karatu.

Wata Litinin ta dawo daga kai kaya da takarda a hannu, bakinta ya ƙi rufuwa. Wata babbar makarantar koyon harkar kasuwanci ce ta ware gurabe kyauta na digiri na biyu ga masu ƙananan sana'o'i. Sharaɗin shi ne mai sana'ar da kansa zai nema, kuma kowace sana'a mutum ɗaya tak. Ranar Juma'a ta sama, ƙarfe huɗu na yamma, za a rufe. Ta karanta mana har sau biyu, ta ninke takardar, ta danne ta da kofin awo. Nan Darakta ya tsince ta da ya dawo aiki.

"Alhamdu lillahi!" ya ce, yana kaɗa ta a sama. "Sun neme ni."

Na ce, "Su wa?"

"Yaya, ba za ki gane ba. Irinmu suke nema. Shugabanni."

"Masu sana'a aka ce. Kai wace sana'a gare ka ban da dum-dum?"

Ya nuna rumfar da haɓa. "Wannan a gidan wa take? Wa ya kawo gangar nan daga kasuwa?"

"Mai baro."

"Da umarnin wa?"

Amarya ta ce a hankali, "Baban yara, ai dama ni na so in..."

"Ke in kin tafi wa zai juya sabulun? Bari in je in kwaso ilimin, in dawo in sauƙaƙa miki shi a gida. Ai duk ɗaya ne."

Ta koma goge gangar da ta riga ta goge. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na bi ta ɗaki na ce ta buɗe baki ta yi magana, ta ce, "Yaya, bar shi kawai. Ba na son hayaniya a gaban yara." Haka gurbin da ta jira shekara da shekaru ya shige aljihun ƙanina.

Abu uku makarantar ke so: bayanin kai, wasiƙun shaida biyu a rufe, sannan su turo mutanensu su ga sana'ar da idonsu. Washegari na je shagon mai kwamfuta karɓo takardun da muke manna wa kwalabe, sai ga Darakta a tsaye a kan mutumin, hannu a baya, yana shifta.

"Rubuta: Ni ne na assasa, na raina, na kuma ɗaukaka Kamfanin Darakta da 'Ya'yansa na Ƙasa da Ƙasa."

Mai kwamfuta ya buga. "Ma'aikata nawa?"

"Arba'in."

Na ce, "Huɗu."

"Yaya, ana haɗawa da waɗanda za a ɗauka nan gaba. Haka ake yi a manyan wurare."

Suka zo tambaya ta ƙarshe. Mai kwamfuta ya karanto: "Ba mu labarin wani kuskure da ka taɓa yi a sana'arka, da abin da ka koya daga gare shi."

Darakta ya yi wata 'yar dariyar masana. "Tarko ne. So suke su ga wa zai tona wa kansa asiri. Rubuta: Ban taɓa ba."

"Ai rabin shafi suka bari."

"Ƙara girman rubutun."

Na ajiye ledata na ce, "In rabin shafi ake nema, ni zan ba ka littafi. Zomayen da ka kiwata suka haƙa rami suka ƙaura gidan maƙwabta fa? Kifin da ka zuba a tankin ruwan sha fa? Injin ƙanƙarar da ka kafa a layin da sai ya kwana uku ba wuta fa?"

"Hajiya, a hankali," in ji mai kwamfuta, "hannuna ba ya sauri haka."

"Kada ka kuskura ka rubuta!" Darakta ya daka masa tsawa. "Waɗannan ba kurakurai ba ne, bincike ne."

Wasiƙar farko ba ta ba shi wahala ba. Mai aski ne ya rubuta, Darakta na zaune a kujera da tawul a wuya yana gaya masa abin da zai ce. Ta biyu ce dole ta fito daga hannun mai sayen kaya. Babban mai sayenmu kuwa shi ne Baba mai gidan wanki, dattijon da in ya yi maka kalma biyar a yini to ranar yana cikin fara'a. Darakta ya biyo ni ranar kai jarkoki, shi da bai taɓa sanin hanyar wurin ba.

"Baba, wasiƙar shaida nake so."

"Shaidar me?"

"Cewa ka san ni a harkar sabulu."

Baba ya dube shi daga hula har takalmi. "Gaskiya zan rubuta?"

"Tsantsarta, Baba. Kada ka rage komai don kunya."

Baba ya shiga ciki. Ko jarka ta biyu ban sauke ba ya fito da ambulan a liƙe. Darakta ya karɓa da hannu biyu, muna fita ya ce, "Kin gani? Manya ba sa dogon rubutu. Layi ɗaya daga hannunsu ya fi shafi goma na ƙananan mutane."

Ya kai fom. Bayan kwana uku aka bugo waya: masu ziyara za su zo ranar Juma'a da ƙarfe goma na safe, wato ranar rufewa. Daga nan gidan ya zama ba zaman lafiya. Ya je wurin tela ya aro kwat ɗin wani da bai zo ɗauka ba, hannuwan sun yi masa tsawo, tela ya naɗe su ya kafe da allurai. Ya aro bencina shida. Ya gayyaci layin gaba ɗaya, wai su zo su ga yadda ake karɓar manyan baƙi. Sannan ya tara mu, mu huɗu, ya ce in ya shigo mu miƙe mu ce, "Barka da shigowa, Yallaɓai Darakta."

Na ce, "Ni da na wanke maka kashi zan ce maka Yallaɓai?"

"Yaya, a ofis ba 'yan'uwantaka."

Ranar Juma'a da sassafe ya kora Amarya kicin, ya ce ta kula da shayin baƙi, kada ta fito sai an kira ta. Ya shiga rumfa yana duba kaya yana tsaki. Ya ɗaga muciyar da muke juya ganga da ita ya ce wannan ƙauyanci ne, ya jingine ta bayan ƙofa. Dama ya riga ya sa mai walda ya haɗa masa wani injin juyawa, mai dogon ƙarfe da fukafukai a ƙasa. Sai idonsa ya kai kan kofin awo.

To, kofin nan sai na yi muku bayaninsa. Tsohon kofin roba ne shuɗi, hannunsa ya karye, bakinsa ya ɗan lotse. A cikinsa, ƙasa da baki kamar da yatsa biyu, akwai zane da aka ja da ƙusa. A bangon rumfa Amarya ta rubuta da alli, "Maganin kumfa: kofi uku," wato maganin da ke sa sabulun ruwa ya yi kumfa. Duk mu huɗun mun san ma'anarsa: wancan kofin, kuma iyakar zanen. Darakta ya ɗauke shi da yatsa biyu ya wurga kwandon shara, ya zaro wata ƙatuwar moɗa mai walƙiya da ya sayo, wadda za ta ci kofin huɗu ta nemi ƙari.

Na gani. Allah ya yafe mini, na yi shiru. Da ya juya baya dai na tsame kofin na soke shi a zanina.

Ƙarfe goma daidai suka iso. Wata Farfesa ce, dattijuwa, tabarau a rataye a wuya, da magatakarda riƙe da fayil. Tsakar gida ta cika maƙil: mai aski, tela, mai walda, matan layi, har Baba mai gidan wanki ya zo ya zauna can ƙarshen benci. Darakta ya shigo cikin kwat yana tafiya a miƙe saboda allurai. Sauran ukun suka miƙe suka gaishe shi. Ni na ce gwiwata na ciwo.

Ya yi jawabi na minti ashirin a kan hangen nesa da kasuwannin ƙetare. Farfesa ta bari ya gama, ta ɗauki sabulu ɗaya daga katako ta shinshina.

"Wannan kwana nawa yake yi a shanya kafin a sayar?"

"Ranki ya daɗe, ya danganta da yanayin kasuwar duniya."

Daga tagar kicin wata murya ta ce, "Sati huɗu."

"Sati huɗu," in ji Darakta, "kamar yadda nake shirin faɗa."

"Me ya sa wannan layin ya fi wancan haske?"

"Tsari ne na kamfani."

"Wancan ya fi kusa da rana," in ji tagar.

Farfesa ta sa tabarau ta dubi tagar. "Wace ce wannan?"

"Sashen shayi ne, ranki ya daɗe. Bismillah, ku matso ku ga yadda nake haɗa na ruwa da hannuna."

Amarya ta riga ta haɗa gangar tun jiya, maganin kumfa kawai ya rage. Darakta ya dubi bango, ya karanta da ƙarfi, "Kofi uku!" Ya cika moɗar fal, ya juye. Ya sake. Ya sake. Sannan ya dubi jama'a ya yi murmushi ya ce, "Ga ɗaya kuma don girmama baƙi." Wadda ke kusa da ni ta dafe ƙirji ta ce, "Inna lillahi." Na taka mata ƙafa.

Ya zura injin a ganga ya ɗaga wa mai walda hannu. Mai walda ya shiga ɗaki ya jona waya. Injin ya ɗauki ƙara, ya fara girgiza Darakta tun daga kafaɗa har haƙora. Kumfa ta taso fara tas, ta kawo bakin ganga. Jama'a suka tafa.

"Kun ga inganci?" ya yi ihu. "Wannan ita ce fasahar zamani!"

Kumfa ta haura bakin ganga ta zubo. Ta rufe masa takalmi. Ta kawo gwiwa. Tafin ya ragu.

"Malam, ya isa haka," in ji Farfesa, tana ja da baya.

"Yanzu zan kashe, ranki ya daɗe. Kai, ina makunnin?"

"Ba shi da makunni!" in ji mai walda. "Ai ka ce in yi sauri!"

"To je ka cire wayar!"

Mai walda ya zabura, santsi ya kwashe shi, ya zame a zaune ya wuce ƙofar ɗakin ya tsaya a jikin randa. Kumfa ta kai bencin farko, mata suka ɗage zannuwa suna salati. Allurai suka fara tsinkewa, hannuwan kwat suka sauko suka rufe wa Darakta yatsu.

"Kwat ɗin mutane!" tela ya kwarma ihu. "Gobe mai shi zai zo!"

Mai aski kuwa ya hau kan benci ya riƙe ciki, dariya ta hana shi numfashi. Kajin maƙwabta da suka shigo kallo suka fita farare. Darakta ya so ya juya ya yi wa baƙi bayani, ƙafarsa ta tafi, injin ya suɓuce ya ci gaba da rawa shi kaɗai a ganga, shi kuma ya nutse. Ɓat. Ba hula, ba kwat. Sai muryarsa kawai daga ƙarƙashin farin tudu:

"Kada kowa ya tsorata! Komai yana hannuna!"

Nan Amarya ta fito. Ta ajiye farantin shayi a kan taga, ta cire takalmi, ta bi gefen bango ta shiga ɗaki ta fizge wayar. Injin ya tsaya. Ta ɗauko kwalbar mai ta yayyafa a ganga, kumfar ta fara lafawa. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya ji ta.

"A buɗe ƙofar waje. Yaya, tsintsiya. Ku biyu ku ɗage katakon shanya sama kada ya jiƙe. Malam, riƙe wannan bokitin."

Malam ɗin magatakardan makaranta ne. Ya sa fayil a hammata ya riƙe bokiti. Kafin minti goma an tura kumfar kwata, an kuma tono Darakta yana tari, da tulin kumfa a ka. Amarya ta ɗaga moɗar ta juya ta, ta dubi inda kofinta ke zama.

"Ina kofina?"

Na zaro shi na miƙa mata. Akwai ɓawon albasa manne a gindinsa. Ta cire ɓawon, ta dubi kwandon shara, ta dubi mijinta. Tun da aka kawo ta gidanmu ban taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba.

Farfesa ta matso ta karɓi kofin ta leƙa ciki. "Wannan zanen fa?"

"Shekarar da na fara ne, ranki ya daɗe," in ji Amarya. "Baba ya ba ni aikin farko, jarka goma. Don in burge shi na cika kofin har baki. Sabulun ya yi ta kumfa ya ƙi ɗaurayuwa, ya ɓata masa aikin yini guda. Na zauna nan na yi kuka har na gaji. Daga nan na yi sati biyu ina gwadawa kaɗan-kaɗan a bokiti, har na sami inda ya dace, na ɗauki ƙusa na ja. Na koma na ba Baba haƙuri na ce ya sake gwada ni sau ɗaya. Tun ranar ba wadda ke aiki a nan sai na fara nuna mata zanen."

Farfesa ta miƙa hannu, magatakarda ya ba ta fayil a jiƙe. Ta buɗe shafin ƙarshe ta ɗaga shi sama. Ko daga bencin baya ana iya karantawa, don mai kwamfuta ya ƙara girman rubutun yadda aka ce: BAN TAƁA BA.

"Sai wasiƙar mai sayen kaya," ta ce. "A duba mana ita."

Darakta ya goge ido ya gyara tsayuwa. "A karanta da ƙarfi, kowa ya ji."

Magatakarda ya yage ambulan, ya juya takardar ya ga ko akwai ƙari a baya, sannan ya karanta: "Na san shi. Mijinta ne."

Tsakar gida ta ɗauka. Mai aski ya faɗo daga benci. Baba kuwa ko gezau, ya gyaɗa kai kawai.

Da aka lafa, Farfesa ta ce, "Tambaya ɗaya gare ni. Sana'ar nan ta wane ne?"

Bakina ya yi ƙaiƙayi kamar me, amma na danne, don ba ni ya kamata in amsa ba. Darakta ya yi wa Amarya wani kallo na roƙo. Ta dubi kofin da ke hannun Farfesa.

"Tawa ce, ranki ya daɗe. Ni na fara ta. Takardar makarantarku ma ni na kawo ta gidan nan."

"Kina da digiri?"

Kafin ta amsa, ni har na kai bakin akwati. Ciwon gwiwar ya warke nan take.

Farfesa ta duba ledar, ta rufe, ta ce, "Sana'a ɗaya, mutum ɗaya. Sunansa ne a fom. Sai ya janye da hannunsa, ke kuma ki kawo naki kafin ƙarfe huɗu. In ba haka ba, ba abin da zan iya yi."

Duk ido ya koma kan ƙanina. Magatakarda ya miƙa masa biro. Ya tsaya yana ɗiga, hannuwan kwat na reto. Ya dubi kofin, ya dubi hannun matarsa da duk tabon aiki ya cika. Ya yi ƙasa da murya yadda sai mu na kusa muka ji.

"Ban san kin yi kuka ranar ba."

"Kana shagon aski," ta ce.

Ya naɗe hannun kwat ya sa hannu. Na ji tausayinsa, wallahi, har na kusa dafa shi. Sai ya ɗago kai ya fuskanci jama'a ya buɗe murya:

"Jama'a, kun shaida. Dama gwada ta nake yi, kuma ta ci jarrabawa!"

"Cire mini kwat," in ji tela.

Ƙarfe uku da rabi Amarya ta miƙa fom ɗinta. Labarin kofin ta rubuta, rabin shafin ma bai ishe ta ba. Baba ya sake wasiƙa, an ce wannan karon har layi uku ya yi. Bayan wata guda aka bugo mata waya, ta zauna a kan bokiti ta yi ta hawaye tana dariya, muka taya ta.

Yanzu duk Asabar tun safe take tafiya makaranta da jakarta. A shagon mai aski Darakta na gaya wa duk wanda ya zauna cewa shi ya tura ta, wai babban shugaba shi ne mai horar da na ƙasa da shi. Amma Asabar ba ya zuwa aiki, ganga kuma ba ta juya kanta. Yana nan a rumfa da singileti, muciya a hannu, ni ina tsaye a kansa. In ya zo zuba maganin kumfa sai ya ɗaga shuɗin kofin saitin ido, ya ƙanƙance ido ɗaya.

"Yaya, iyakar zanen ko?"

"Iyakar zanen, Yallaɓai."